Maiɗakina Ba Yaji Take Yi Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga wani ƙauye kusa da Kura nake rubuto maka, kuma raina a ɓace yake.

Likita ya ce maiɗakina tana da hawan jini, sai ta rage mai da gishiri, ta riƙa tafiya da sauri kullum da safe. Na sayo mata takalmin kambas, ta zura hijabi, ta bi bakin kanal. Mun manta cewa a garinmu, in aka ga matar aure tana sauri da sassafe hannu ba komai, to yaji ta yi.

Ranar farko wani mai babur ya tare ta, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki koma, kowa da haka yake zaune." Rana ta uku liman da kawuna suka same ni a gonar albasa. Na ce motsa jiki ne. Kawu ya ce, "Mace mai kwanciyar hankali ba ta zagaya kanal, ɗana. Faɗi abin da ka yi mata." Surukata kuwa, da ta ji 'yarta ta koma cin kabeji da latas, sai ta aiko da kwalbar man shanu da saƙon in ji tsoron Allah.

Yanzu kunya ta sa ta ajiye takalmin, jinin kuma bai sauka ba. Na ce zan riƙa raka ta, ta ce sai a ce biko na fito.

Don Allah masu sauraro, ku ba ni shawara. Ina gaida Kawu, na san rediyonsa a kunne take.