Yadda Aka Buɗe Ƙirjin Mijina Ya Tashi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya kawo mu wannan Lahadi. Baba Fasto, dattawa, iyayena na zumuntar mata, ina gaisuwa.

Ni ce Rahila, matar Yakubu na Burumburum. Shi ya kamata ya tsaya gabanku, amma har yanzu dogon zance yana yanke masa numfashi. Ya ce in faɗa duka, kada in rage. To, ba zan rage ba, har da abin da nake jin kunyarsa.

Da tari abin ya fara. Muka sha na kemis, muka sha saiwa da sassaƙe, shiru. A asibitin Tudun Wada aka gwada kakinsa aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi kan magani na wata shida. Ya shanye tas. Tari ya ragu, amma mijina bai dawo ba. Mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai, ya zama daga ɗaki zuwa zaure sai ya zauna ya huta. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce mugunya ce ta taru a gefen dama, ta yi kauri, ta danne huhu. Sai an yi aiki, kuma sai a Kano.

'Yan'uwa, Kano ta gajiyar da ni!

Mu shiga mota daga nan, shi yana jingine a kafaɗata yana haki. Mu isa babban asibiti mu hau layi. Wannan ofis ya ce mu je a ɗebi jini. Masu jini su ce sai da takardar likita. Likitan da muka gani wancan karon ba shi ne yau ba, sai in sake ba da labari tun daga tarin farko. Kafin ranarmu ta zagayo, a ce gwajin ya tsufa, a sake wani. Takardu suka cika mini leda, duk da Turanci, ni kuwa Hausa kaɗai nake iya karantawa.

Sau ɗaya har an ba mu ranar aiki da gado. Ya kwana bai ci komai ba. Da safe likitan da ke sa barci ya duba shi ya ce, "Wa ya sa wannan a layi? Jininsa bai kai ba, kuma ni ban taɓa ganinsa ba." Aka ɗaga.

A ranar na yi abin da ban taɓa yi ba cikin shekarun aurenmu. Yakubu ya ce in miƙo masa ruwa, sai na daka masa tsawa gaban mutane. Na ce, "Kai kana kwance ne kawai, ni ce nake mutuwa a tsaye!"

Ya dube ni. Ya ce, "Rahila, ki mai da ni gida. Gara in cika a ɗakina."

Ku ji abin kunyar. Da ya faɗi haka, sai na ji wani sanyi a raina, na ce ashe zan huta. Ni, mai jagorantar waƙa a zumuntar mata! A lokacin na fi wata biyu ban buɗe baki na yi addu'a ba. Idan kun kira ni a waya kun ce kuna yi mana addu'a, amin ɗin baki kawai nake cewa.

Na ɗauki ledar takardu na fita bayan ɗakin marasa lafiya, wurin famfon da masu jinya ke wanke kwanuka. Rana tsaka ce. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti. Ban iya wata doguwar addu'a ba. Cewa na yi, "Ubangiji Yesu, na gaji. Ban san ƙofar da zan ƙara bugawa ba. Na yi wa mijina fatan abin da bai kamata ba, ka gafarta mini. In kana nan, ka karɓi wannan leda daga hannuna."

Ina nan durƙushe wata ma'aikaciyar jinya ta zo yin alwalar azahar. Sunanta Malama Sa'adatu. Ta ce, "Baiwar Allah, rasuwa aka yi miki?"

Na ce, "A'a, gajiya ce."

Ta ce in jira ta ta idar da salla. Da ta dawo ta zauna kusa da ni a kan dakali, ta zazzage takardun a cinyarta, tana ware su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ai ni ce mai bin lamarin waɗanda za a yi wa aikin ƙirji. Wurina ya kamata a fara turo ku. Daga yau kada ki ƙara zuwa ko'ina sai na ce miki je ki."

Na koma wurin Yakubu na riƙe ƙafarsa na roƙe shi gafara. Ya ce, "Tashi. Da ni ne nake jinyarki, da tuni na gudu." Muka yi dariya muna hawaye, har tari ya sarƙe shi.

Ranar Talata Malama Sa'adatu ta shigar da mu wani ɗaki. Ga likitan da zai yi aikin, ga na huhu, ga mai sa barcin nan, ga mai koyar da numfashi, ga mai kula da abinci, duk a tebur ɗaya. Suka yi ta magana a junansu, sannan babban ya juyo ya zana ƙirji a takarda, ya yi wa Yakubu bayani da Hausa. Tun da muka fara zarya, ranar ce aka fara yi masa magana shi da kansa.

Yakubu ya ce, "Likita, faɗa mini gaskiya. Zan tashi?"

Likita ya ce, "Malam, aikin babba ne, akwai hatsari, ba zan ɓoye maka ba. Amma in aka bar shi haka, hatsarin ya fi. Mu duka nan mun duba, bakinmu ɗaya."

Malama Sa'adatu ta rubuta mini takarda guda da Hausa: abin da zai ci, ranar gwaji, ranar dawowa. Mako uku a gida yana cin ƙwai da wake da zogale, yana hura balan-balan safe da yamma. Maƙwabtanmu na ruga suna aiko da madara kullum. Maza uku daga cikinku suka bar girbi suka je Kano suka ba da jini. Allah ya san ku.

Ranar aikin, da hantsi aka shiga da shi, sai bayan la'asar aka fito. Ya fito da rai! Ga robobi biyu a haƙarƙarinsa suna zuba cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Aka koya mini kada in taɓa ɗaga kwalbar sama da ƙirjinsa, in kuma riƙa lura da kalar ruwan.

Kada ku ce wahala ta ƙare a nan. Washegari suka ce ya tashi zaune, ya rungume matashi ya yi tari. Yana yi yana ihu. Na ce su ƙyale shi, don Allah. Mai koyar da numfashi ta ce, "Mama, in bai yi tari ba huhun ba zai buɗe ba. Ki riƙe masa baya." Na riƙe, ina kau da kai. Kusan mako biyu ina kwana a tabarma a gefen gadonsa kafin a cire robobin.

Ranar sallama, kafin mu iso gida Malama Sa'adatu ta riga ta kira asibitin Tudun Wada. Da muka je wankin ciwo, mai duba mu ya ce, "Ku ne na Burumburum? An gaya mana." Ban sake ba da labari daga farko ba. Ku da ba ku yi jinya ba, ba za ku san daɗin wannan ba.

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji ba. Har yau a gajiye nake. Bayana yana ciwo, gonarmu rabi muka noma, kuma akwai sauran komawa Kano. Amma yau da safe Yakubu da kansa ya sa takalminsa, ya tako da ƙafarsa daga gida har nan. Sau uku muka tsaya a hanya ya huta. Ya iso.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar mace mai fushi a bakin famfo. Na gode masa don hannuwan da ya yi aiki da su, na cikin ikkilisiya da na waje.

Ke da kike jinya, in kin gaji, faɗa wa Yesu kin gaji, ba zai kore ki ba. Ku dogara gare shi. Ku kuma masu zuwa dubiya, in kun gaishe da mai ciwo, ku juya ku tambayi mai jinyarsa ko ta ci abinci.

Yabo ya tabbata ga sunan Ubangiji. Amin.