Waƙar Girbi Ba Mai Amshi

A tashar motar Samokov, wani gari a ƙasar Bulgariya, tsohuwar da ke zaune kusa da ni ta taɓa kafaɗar wani saurayi mai sauraron waƙa a wayarsa.

"Ɗan nan, ai waƙar girbin ƙauyenmu ce wannan. Wa ya ɓata ta da jita?"

"Kaka, ita nake ji duk ranar da na gaji."

"Rabi kake ji. Mutum biyu ke yin ta, ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta amsa. Tun da ƙanwata Stoyanka ta rasu ban ƙara rera ta ba. Wa zai amsa mini?"

"To, koya mini amshin."

Ta koya masa, ya gwada.

"Kai, murya kamar ta bunsuru! Sake."

Aka kira fasinjojin motarta. Ba ta tashi ba.