Benen da Ke Leƙen Tsakar Gidanmu

Sallama gare ka, mai gabatarwa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ni ce Rabi mai suyar kifi daga Madarumfa, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Wani alhaji mai motocin dakon kaya zuwa Najeriya ya sayi filin da ke manne da katangarmu. Ya ce gidan likita zai gina, bene hawa biyar. Ba mu ƙi likita ba, ni kaina a amalanken jaki aka kai ni haihuwar autana. Amma ka san gidajenmu, tsakar gida a buɗe, makewayi ba rufi. Nan muke daka, nan muke wanka.

Hawa ɗaya kawai suka ɗora. Ranar Talata na fito wanka da ɗaurin ƙirji, sai na ji magini daga sama yana cewa, "Inna, kifinki na ƙonewa." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mazanmu sun kai kuka wajen mai unguwa. Alhajin ya aiko cewa mu sayi tol, wato kwanon rufi, mu rufe gidajenmu. A wannan zafin? Ta ina hayaƙin murhu zai fita? Ina za mu shanya kuɓewa?

Masu sauraro, ku ba mu shawara, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa? Fili dai bai ƙare ba a bakin hanya, ya je can ya gina. Ba a tona asirin mai lafiya don a rufa na marar lafiya.