Tauraro Biyar Daga Bakin Canal

A tashar mota ta Manchester, Zinatu tana jiran bas ɗin Birmingham, sai ta hango littafin da ya hana gidanta zaman lafiya a hannun wani dattijo: yadda za ka zaga duniya da araha a ƙaramin jirgin ruwan da iska ke turawa.

"Baba, ka karanta shi kuwa?"

"Sau uku, 'yata. Littafi ne na gaske."

"Ni tauraro ɗaya cikin biyar na ba shi a intanet. Tunda maigidana ya karanta, ya ce motarmu zai sayar, mu je gida Sallah ta ruwa. Kano fa, Baba. Ta wane tekun?"

"Sai ku sauka a Legas."

"Kuma wai jaka ɗaya kowa zai ɗauka. Ni da dangin miji ke jiran tsaraba?"

"Ai labarin tafiyar shi ne tsarabar."

Zinatu ta dube shi da kyau. "Na san maganar nan. Wani Bara'u ne ya rubuta ta a review, sharhin da ya yi wa littafin a intanet, har ya ba shi tauraro biyar. Safe da yamma maigidan yake karanta min ita."

Dattijon ya gyara zaman hularsa. "Ni ne."

"To Baba, teku nawa ka ƙetare?"

"Jikokina sun taɓa sa ni a jirgin canal, 'yar hanyar ruwan nan da aka haƙa a cikin Birmingham. Minti goma na ce a sauke ni."

Ta danna lambar mijinta, ta miƙa masa wayar. "Maimaita masa, Baba. Kar ka manta da minti goman."