Tabon Mai a Ƙarƙashin Mis Ruby

ODELL: Alo? Yaya Vernita? Na rantse da Allah, abin da zan gaya miki ba za ki taɓa yarda ba!

VERNITA: Odell, haka ake fara waya yanzu? Ba gaisuwa?

ODELL: Afuwan. Ina wuni, Yaya?

VERNITA: Lafiya lau. Ya kasuwar tsofaffin tayoyi?

ODELL: Da godiya. Ya maigidan naki?

VERNITA: Yana bakin tafki, yana yi wa kifaye wa'azi da ƙugiya. Ya uwargida Darlene? Ƙafar tata ta sauka?

ODELL: Ta sauka, har ta koma ƙungiyar mawaƙan coci, mun shiga uku da atisaye. Ya zafin nan?

VERNITA: Agusta ke nan. Yaran Atlanta sun kira?

ODELL: Sun kira, suna gaishe ki. To, Yaya, saurara...

VERNITA: Me? Ƙarar me nake ji haka kamar jirgi zai tashi?

ODELL: Injin iska ne, ana hura taya. Tsaya in fita waje. Kina ji na yanzu?

VERNITA: Sama-sama. Faɗi.

ODELL: Kin ga jaridar garin nan ta jiya? Kin ga ƙaninmu Lamar a shafin farko?

VERNITA: Na gani. Ya yi kyau.

ODELL: Ya yi kyau! Ya jingina da jar motar Baba, ya kafa hular Baba a ka, yana ba ɗan jarida tarihi. Wai tsoho Tolliver mai kamfanin motoci da amalanken doki ya fara, daga baya ya koma mota. Wai lokacin yaƙi kamfanin ya daina motocin gida, ya koma ƙera manyan motocin soja, shi ne kakanmu ya baro gonar auduga a Alabama ya hau jirgin ƙasa ya zo Michigan. Wa ya koya masa duk wannan? Ni! Yana goye lokacin da Kaka ke ba mu labarin.

VERNITA: Ba a goye yake ba, shekara uku kawai ka ba shi.

ODELL: Ko ma dai yaya. Ko sunana bai ambata ba. "'Ya'yan marigayi Cleon Pettway," shi ke nan. Ni na zama "'ya'ya".

VERNITA: Ni ma bai ambace ni ba, kuma na yi barci lafiya.

ODELL: Ke ai ba ki da bakin magana, motar Japan kike hawa. Ko a harabar ofishin ƙungiyar ma'aikata ba a barin ki ki ajiye ta, sai can tsallaken titi kusa da bola.

VERNITA: Ina ajiyewa, in tako da ƙafata, in dawo in murza ta tashi. Taka fa?

ODELL: Kar ki taɓo min wannan ciwon. Ni na riƙe amanar gida, na sayi Tolliver sabuwa dal, duk da a wani garin ake haɗa ta yanzu, saboda Baba shekara talatin da ɗaya yana ɗaura wa Tolliver ƙofofi. Me na samu? Motar Litinin!

VERNITA: Ka fara.

ODELL: Baba da bakinsa ya ce kar a sayi motar da aka haɗa ranar Litinin, ma'aikata ba su wartsake daga shagalin ƙarshen mako ba, ko ta Juma'a, hankalinsu ya riga ya tafi gida. Na duba lambar jikinta, Yaya, Litinin ce, kuma washegarin hutu. Sau uku kamfani yana kiran a mayar da ita gyara. Gilashin gefena in ya sauka ba ya hawa sai ya ga dama. In na kunna waifa, rediyo ya mutu.

VERNITA: Amma ta Fasto Hairston fa? Irin taka ce sak, ta yi mil dubu ɗari uku, ko tari ba ta taɓa yi ba.

ODELL: Ta Fasto addu'a take sha. Kuma ta Laraba ce, na duba.

VERNITA: Har motar Fasto ka leƙa?

ODELL: Bar wannan. Magana a nan ita ce: ni babban ɗa namiji, ni na samu motar Litinin. Shi ɗan lelen Mama, da takardar shaidarsa ta kanikanci a bango, shi ya samu jar motar Baba, Mis Ruby. Motar ƙarshe da ta fito daga masana'anta ranar da aka rufe ta! Ma'aikata ɗari huɗu suka sa hannu a cikin but ɗinta. Aka yi ƙuri'a, ta faɗo kan Baba. Wa ya riƙe masa fitila yana nuna mana sunansa a can lungu? Ni. Wa ke wanke ta duk Asabar? Ni.

VERNITA: Wa ya sace ta ya kai budurwa sinima, ya dawo ba madubi ɗaya?

ODELL: Wannan tsohon zance ne. Alo? Alo?

VERNITA: Ina ji. Layin ba abin da ya same shi.

ODELL: To, shekara tara tun rasuwar Baba, duk jerin gwanon tunawa da masana'anta, Lamar ne a sitiyari, Mis Ruby a gaba, yana ɗaga wa mutane hannu kamar gwamna. Ni ina can baya na goma sha bakwai, gilashi a sauke ko ana ruwa. Bana kuma shekara talatin cif da rufewa, har talabijin za su zo. Na ce a raina, Odell, bana kai ne a gaba.

VERNITA: Ya ce zai ba ka?

ODELL: Zai ba ni ranar Juma'a da hannunsa, har da godiya. Kin san Mis Ruby tana zubar da mai, ko?

VERNITA: Na ji labari.

ODELL: Ba ta zubar da komai! Lafiyarta ƙalau. Ni ne!

VERNITA: Kai ne me?

ODELL: Ni ne yoyon! Kin san a garejin Mama ake ajiye ta, an lulluɓe da tampol. Kullum da azahar in na kai wa Mama abincin rana, sai in ce zan duba mata injin yankan ciyawa. Ina da 'yar kwalbar zuma a aljihu, cike da baƙin mai na shagona. In durƙusa, in miƙa hannu ƙarƙashin gaban motar, in tsiyaya cokali biyu. Ba yawa, Yaya, abin gwaninta ne. Wata rana kamar kwabo, wata rana kamar faranti.

VERNITA: Ya Ubangiji. Tun yaushe?

ODELL: Mako bakwai! Da kin ga ɗan makarantar! Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, na zuba a kan kwalin. Ya kwana biyu yana kwance fakin inji, abin nan da ke hana mai yoyo, ya sa sabo, washegari ga tabo. Ya sake sa wani, ga tabo. Ranar Lahadi a coci na gan shi yana kallon faratansa, duk baƙin mai, kamar zai yi kuka. Na dafa shi na ce, "Haƙuri, ƙanena, tsufa ne, ƙarfe ma yana gajiya."

VERNITA: A cikin coci ka faɗi haka?

ODELL: A bakin ƙofa, ba a ciki ba. Ni da aka kora daga aji huɗu na sakandare, na juya mai takarda kamar waina. Jira, jirgin ƙasa zai wuce... Kina nan?

VERNITA: Ina nan. Ranar Juma'a kuma sai me?

ODELL: Nan ne daɗin. Jiya na kira shi na ce, "Lamar, akwai wani sirri da Baba ya nuna min a kan motar nan, ba a makaranta ake koyar da shi ba. Zan gyara maka ita, amma ni zan tuƙa ranar Asabar." Gobe zan je da sifana, in rufe gareji, in yi ta ƙwanƙwasa bokiti na rabin awa, in shafa baƙi a goshi in fito. Daga nan kawai in daina zubawa. Juma'a ya duba, ƙasa fes. Asabar Odell Pettway a gaba, hular Baba a kai, talabijin na ɗauka!

VERNITA: Shi me ya ce da ka kira shi?

ODELL: Cewa ya yi, "Yaya, in dai ka tayar da ita, taka ce." Muryarsa har rawa take, tausayi ya kusa kama ni.

VERNITA: Rawa take, ko?

ODELL: Wallahi. Ita kanta Mis Ruby ta san mai ita ya kusa zuwa. Kwanan nan in na shiga sai in ga gabanta ya ɗan ɗaga a ƙarƙashin tampol, kamar tana miƙo min wuya.

VERNITA: Odell.

ODELL: Na'am?

VERNITA: Kai ɗan ma'aikacin Tolliver ne. Me ke sa gaban mota ya ɗaga sama?

ODELL: To, ko an loda kaya a baya, ko kuwa an sauke nauyi daga... Me kike nufi?

VERNITA: Yaushe rabonka da ɗaga murfin injin?

ODELL: Ni a ƙasa nake aiki, me zai kai ni murfi?

VERNITA: Babu inji a motar nan.

ODELL: Me? Layin ya fara...

VERNITA: Layin lafiya lau. Na ce babu inji a cikin Mis Ruby. Da Lamar ya canza faki sau biyu bai ga sauƙi ba, ya ɗauko sarƙa ya ciro injin ɗungurungum, ya kai wa tsoho Wozniak a Toledo, wanda ya yi aiki da Baba. Yau kwana goma sha biyu.

ODELL: Sha biyu?

VERNITA: Washegari Mama ta shiga gareji ɗaukar tsintsiya, ta ga sabon tabo, jiƙe sharkaf, a ƙarƙashin motar da ba ta da ko ɗigon mai a cikinta. Ta kira Lamar ta ce ya zo ya ga abin al'ajabi, ko a kira Fasto.

ODELL: Yaya, ai tsohon mai yakan maƙale a jikin ƙarfe, ya riƙa ɗiga a hankali...

VERNITA: Daga kwalbar zuma?

ODELL: Wasa nake yi miki ɗazu! Ke ma kin san ni da ƙarin gishiri.

VERNITA: Mama tana zama a tagar kicin tana kallon ka kana shiga. Kullum in ka tafi ta je ta duba, ta dawo ta yi alama a kalandar coci. Alama goma sha biyu. Ta ce shi ya sa kifin da kake kawo mata yake warin gareji.

ODELL: To me ya hana su magana? Wannan ai mugunta ce, a bar mutum yana ta durƙuso da ciwon gwiwa!

VERNITA: Mama ce ta hana. Ta ce a ba ka lokaci, ko za ka zo da kanka ka ce ka tuba. Sai ga shi jiya ka kira da sirrin Baba. Rawar muryar da ka ji, tawul Lamar ya cusa a baki.

ODELL: Ɗan banza! To ai shi ke nan, a mayar da injin, a manta. Tsakanin 'yan'uwa ne.

VERNITA: Wozniak ya riga ya warware shi gunduwa-gunduwa yana neman yoyon da babu. Ya ce sai bayan mako biyar. Shekararsa tamanin, ba ya sauri don kowa.

ODELL: Asabar fa? Shekara talatin! Mis Ruby ba ta taɓa fashin jerin gwano ba. Tsofaffin nan da suka sa hannu a but ɗin, wasu daga Florida za su taso don su ga sunansu.

VERNITA: Yanzu ka tuna da su? Bari in ƙara maka ɗaya. Tun watan huɗu Lamar ya yanka makulli na biyu, ya ba ni ajiya. Ya ce bana babban yayansa ne zai tuƙa, a gaban mutane zai miƙa maka ranar. Yana nan cikin jakata, da jan zare a jiki.

ODELL: ...

VERNITA: Alo? Yanzu layin ya mutu da gaske?

ODELL: Ina nan. Da jan zare?

VERNITA: Irin wanda Baba ke ɗaura wa nasa.

ODELL: Me ya sa bai faɗa ba tun farko? Wannan ɗabi'ar tasa ce nake ƙi, kullum sai ya fi mutum kirki a ɓoye!

VERNITA: Kar ka damu, Mis Ruby za ta fita, kuma ita ce a gaba. An yi magana da kwamiti, sun yarda. Lamar a sitiyari, Mama a gefensa da hularta ta Ista.

ODELL: Ba inji? Wa zai ja ta? In tawa ce, ki gaya musu ba ta jan ko keke.

VERNITA: Ba ja za a yi ba. Turawa.

ODELL: Turawa? Daga ƙofar masana'anta zuwa ofishin ƙungiya? Mil biyu ne, Yaya! Motar nan ƙarfen da ne, ba gwangwanin yanzu ba!

VERNITA: An rage maka nauyin inji ai. Ga mai magana, tun ɗazu ina gyara mata gashi, ta ji komai.

ODELL: Wa? A'a, Yaya, kar ki ba ta, ki ce na...

MAMA: Odell Cleon Pettway.

ODELL: Mama! Ina wuni, Mama? Ya jiki? Wallahi layin nan ba ya...

MAMA: Ina jin ka tar. Ka ce kana son talabijin su ɗauke ka tare da motar ubanka, za su ɗauke ka. Hannunka a kan but, daidai inda sunansa yake. Asabar ƙarfe tara. Ka sa takalmi mai kama ƙasa.

ODELL: Mama, shekarata hamsin da bakwai. Akwai hawa a wajen gada.

MAMA: Akwai. Na ce wa Lamar in an zo nan ya ɗan taka birki, in gaisa da mutane. Kuma ka dawo min da kwalbata ta zuma. Vernita, kashe.