Sunan Karen Bature

A wani shagon buga takardu a unguwar Darrasa, can ƙasar waje inda take karatu, wata ɗaliba 'yar Jos tana duba shafukan da aka miƙo mata. Wani dattijo Bahaushen Sudan yana bayanta a layi.

"'Yata, lafiya kike ta tsaki haka?"

"Ina fa lafiya, Baba! Kakan babana Bature ne ɗan Holan, ya yi haƙar kuza a Jos zamanin mulkin mallaka. Shekara biyu ina bin diddiginsa, sai jiya danginsa suka turo mini hotunan littafin da yake rubuta al'amuransa. Duba nan! Sunan dokinsa. Ga sunan karensa, har da ranar da karen ya mutu."

"To, matarsa fa?"

"Matar da ta zauna da shi shekara tara, ta haifa masa kakana? 'Mai dafa abinci' kawai ya rubuta! Khalas, shi ke nan. Wallahi kare ya fi ta daraja a wurinsa."

"Subhanallahi! Ma'alish, yi haƙuri. Ɗauki biro ki rubuta sunanta da hannunki. Yaya sunanta?"

"A gida Iya ake ce mata."

"Iya ai ba suna ba ne."

"Kakana bai taɓa kama sunan mahaifiyarsa ba, saboda kunya. Babana kuma bai tambaya ba."

"Shi kunya ta hana shi. Ke fa? Babu sauran tsofaffin da suka san ta?"

"Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarta. Bara ta rasu."

"Ikon Allah! Kina ina bara?"

Ta tattara takardun hannunta.

"Ina nan, Baba. Ina rubuta wa Holan wasiƙa."