Butar alwalar Inna

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Garba, manomin shinkafa a fadamar Gummi.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama Innata, na kwantar da ita a wani asibitin kuɗi. Na ga fanka da farin zanen gado, hankalina ya kwanta. Kullum in na tambaye ta, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, koma gonarka."

Ran Juma'a na jawo butar alwalarta daga ƙarƙashin gado, na iske gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ashe sati uku ba wanda ya kama mata ta yi alwala, kunya ta hana ta faɗi.

Malam, ko in maida ta gida? Jama'a, tsohuwa ba ta kai ƙara. Ku bar kallon fanka, ku duba buta.